Shekarar da Kifi Ya Sauka a Gonar Gero

Ran kasuwar Mirya da ta wuce, ina cikin sauke tuluna daga amalanke, wasu samari biyu suka tsaya a kaina. Ɗayansu ya leƙa tulu, ya ga 'ya'yan tarwaɗa suna wutsil-wutsil ƙarƙashin ganyen bado, ya taɓa ɗan'uwansa ya ce, "Yo wannan ma sana'a ce? Ka je bakin ruwa da tsohon sange, gidan sauro, ka kamfato, ka juye a bidon roba, shi ke nan." Na yi dariya har jakina ya waigo. Ban tanka musu ba a ranar, don abin da ke cikin tulu ba ya jiran a gama gardama. Yau da nake zaune hannuna a bushe, ga amsarku, ku da masu tunani irin naku.

Sunana Issufu, amma daga Guna har Zermu ba kowa ya san ni da shi ba. Mai Iri ake ce mini. Ba irin gero ba, irin kifi. Ƙasarmu ta Damagaram cike take da tabkuna, sai dai kaɗan ne cikinsu ke riƙe ruwa har shekara ta zagayo. Sauran, da bazara ta yi nisa, sun zama filin buga balo. In damina ta cika su, ruwa ne kawai da kwaɗi. Dole wani ya kamo 'ya'yan kifi daga babban ruwa ya kai musu da rai. Wanin nan ni ne, shekara talatin da 'yan kai.

Aikin farko da maigidana ya ba ni, ɗaukar buhun ƙaiƙayi ne. Baba Kyari ke nan, Allah ya jiƙansa, Babarbare ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana su a tabkin Cadi, ya dawo gida da gwiwa mai ciwo da baki mai kaifi. Na je wurinsa ina magidanci, da mata da ɗa guda, gona ta kasa riƙe mu. Na zaci zai miƙo mini taru ko birgi. Sai ya nuna buhu da sandarsa ya ce, "Ɗauki, mu je Uwar Ruwa."

Uwar Ruwa shi ne babban tabkin da ke kudu da garinmu, wanda ko a mugun fari ba ya ƙafewa duka. Zagaya shi da ƙafa sai ka ba da rabin yini. Da muka isa, Baba Kyari ya sa na jiƙa ƙaiƙayin a masaki, na cuɗa shi da 'yar dusa, muka bar shi ya sha ruwa, sannan ya ce in watsa a tabki. Na tambaye shi dalilin jiƙawar. Ya ce, "Busasshe iska zai bi. Ni na ce maka iska nake nema?" Jiƙaƙƙen ƙaiƙayi ba ya yawo a sama, ba ya kuma nutsewa ƙasa. Yana tsayawa ne ɗan ƙasa da fuskar ruwa, daidai inda ɗan kifi yake zama. Muka tsaya muna kallo. Ruwan da zan iya rantsewa a tsaye yake, sai ga ƙaiƙayi yana tafiya a cikinsa sannu sannu, ya yi layi, ya karkata yamma, ya nufi bakin ƙorama.

Daminar nan gaba ɗaya abin da na yi ke nan: in watsa, in bi ta gaɓa, in dawo in faɗa masa inda ya tafi. Abokaina suka sa mini Mai Kiwon Ƙaiƙayi, suna tambayata ko ya fara haihuwa. Sai daga baya na gane abin da tsohon yake koya mini. In ruwa mai ƙarfi ya sauka, manyan tarwaɗa suna fita daga zurfi su hau cikin ciyawar da ruwa ya rufe, su zuba ƙwai. Kafin wata ya cika, 'ya'yan sun kai gaɓar yatsa. Babban kifi yana zuwa inda ya ga dama. Ƙaramin ba shi da wannan ƙarfin. In tabki ya cika ya fara tumbatsa, duk inda ruwa ya ja shi, can ya nufa. Wanda ya san hanyar ruwa kuwa, sai ya riga iri zuwa ya zauna yana jira.

Wurin zaman Baba Kyari shi ne Maƙogwaro, inda ƙoramar da ke fita daga Uwar Ruwa take matsewa tsakanin manyan duwatsu biyu. Faɗinsa taku uku ne. Nan ake kafa koma mai ƙananan idanu, a ɗaga ta lokaci lokaci, a juye a masaki. Wannan ɓangaren ne kawai kuke gani, shi ya sa kuke cewa ba wuya.

Kayan aikina ba su da yawa. Koma biyu, sange na kama ƙanana, rariya uku na kaba da nake saƙawa da kaina, kowace da girman idonta, sai tuluna. Tulun ƙasa na Mirya nake saye, mai faɗin baki, don yana riƙe sanyi. Bidon da kuke yabo bakinsa ƙarami ne, iska ba ta shiga, rana kuma tana dafa abin da ke ciki. Tonon ƙarfe, wato duro, ya fi shi muni. Ba a cika tulu, ana barin kusan rabinsa. A shimfiɗa ganyen bado a kai don kada ruwa ya riƙa dukan iri in amalanke ya faɗa rami. Ba a ba su abinci kwana guda kafin tafiya, in ba haka ba su ɓata ruwansu a hanya. Ana tashi bayan sallar asuba, a isa kafin rana ta yi ƙarfi. In an isa kuma ba a juyewa. Kwantar da tulun ake yi a cikin tabki, a karkata bakinsa kaɗan kaɗan, ruwan can ya shiga ya gauraya da na nan, har su fita don kansu.

Kayan farko da na kai ni kaɗai, Zermu na kai shi. Ina ɗoki, na ga tacewa da rariya ɓata lokaci ce, na haɗa manya da ƙanana a tulu ɗaya. Na isa, mai gari da dattawa suka fito tarba, aka yi addu'a, na ɗaga ganyen bado. Tulun da na cika da iri har ba a ganin ƙasansa, sai ga 'yan tsiraru a ciki, kowane da ƙaton ciki, suna kallona. Tarwaɗa ba ta san ƙanwa ba, in ta fi ta girma haɗiye ta take yi. Mai gari ya leƙa ya ce, "To, waɗannan dai sun yi karin kumallo." Da na dawo na faɗa wa Baba Kyari, ya yi dariya har ya riƙe gwiwarsa mai ciwo, sannan ya hana ni taɓa koma kwana goma, tacewa kawai.

Masu sayen iri kala kala ne. Akwai masu gari da ke son a raya tabkinsu, akwai masu lambu da suka gina basan, wato ɗan tabki na siminti. Wani tsohon ma'aikaci a Zinder, mutumin kirki mai son tsabta, ya wanke basan ɗinsa da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, don girmama baƙin da zan kawo masa, bai faɗa mini ba. Washegari ya kira ni a talho, iri duk ya mutu. Tun daga ranar, kafin in kwantar da tulu a basan ɗin kowa, sai na sunkuya na sansana, ko da mai gidan zai ji haushi.

Amma wadda ba ta taɓa sayen iri a hannuna ba, kuma ta fi kowa matsa mini, ita ce Yaya Barira ta Kanya. Kanya ƙauye ne gabas da Uwar Ruwa, tafiyar awa guda da ƙafa, yana da tabkinsa mai zurfi. Yaya Barira ita ce babbar masu suyar kifi a garin. Ta girme ni da kusan shekara goma, tun tana amarya take gaban kasko a gindin kanyar bakin tabki. Matafiya kan ratse daga hanya don kifinta. In na kawo iri, ita ce ta farko a bakin ruwa, tana leƙa tuluna tana cewa, "Mai Iri, bana kuma 'yan yunwa ka kawo mana?"

Sai aka yi shekara biyu a jere ruwa bai yi ba. Kun san su, ba ku manta da yadda gero ya tsaya iya gwiwa ba. Uwar Ruwa ya janye ya koma tsakiya, ko kusa da bakin ƙorama bai zo ba, balle ya tumbatsa. Maƙogwaro ya bushe, awaki na kwana a ciki. Tabkin Kanya ya ƙafe har ƙasansa ya tsage, abin da bai taɓa yi ba a sanina. Ni na koma yankan ciyawa ina sayarwa, tuluna kuma matata ta zuba wake a ciki. Matan Kanya suka kife kasake.

A bazarar shekara ta uku na je Kanya gaisuwa, na tarar da Yaya Barira zaune a tsakar gida, kaskonta cikin buhu an ɗaure bakinsa. Ɗanta Habu direba ne a Zinder, ya gina mata ɗaki a gidansa, ya daɗe yana roƙonta ta koma can ta huta.

Ta ce, "Na ce masa ya ba ni damina guda. In tabkin nan bai yi kifi ba bana, bayan kaka ya zo ya ɗauke ni. Me zan zauna yi? In riƙa kallon rami?"

Na ce, "Yaya, birni ma ai daɗi gare shi. Ga lantarki, ga ruwan pampo."

Ta harare ni. "In zauna a ɗaki surukata na kawo mini abinci kamar mara lafiya? Issufu, in na hau motar nan, gawata ce za ta dawo Kanya."

Ba ta cika kirana da sunana ba. Na ce mata in Allah ya kawo ruwa, tulun farko na Kanya ne. Na faɗa da ƙarfi, a gaban mutane.

Allah kuwa ya kawo ruwa. Ya yi jinkiri, har an fara zuwa roƙo, sannan ya zo gaba ɗaya kamar an kwance bakin salka. Kwana uku ana yi. Tabkin Kanya ya cika maƙil, Uwar Ruwa ya haye ciyawar da ya rabu da ita shekara biyu. Na je da kaina na ji manyan tarwaɗa suna fantsama a cikin ciyawa. Na juye waken matata a buhu, na wanke tuluna, na ƙirga sati uku, na tafi Maƙogwaro na kafa koma. Ruwa yana wucewa, ba mai yawa ba, amma yana wucewa.

Kwana na ɗaya, koma ba komai. Na ce da saura. Na biyu, 'yan kwaɗi. Na uku, na huɗu, haka. Ga lokaci yana tafiya, don iri yana bukatar wata biyar a tabki kafin ruwa ya fara janyewa, in an makara ba zai yi girman kasko ba. Kullum sai Yaya Barira ta aiko a tambaya, kullum in ce a gaya mata gobe. Abinci ya daina yi mini daɗi.

Rana ta biyar 'yata Ramatu ta kawo mini fura. Ita ce ta uku a gidana, tana karatun ruwa da kifi a inibarsite, ta zo hutun bakansi. Ta zauna a kan dutse, ta sa hannu a ruwa, ta ɗebo ta duba.

"Baba, ruwan nan bai cika haske ba kuwa? Na tabki ai ja ne bana."

Na ce, "Ke da kika san kifi a takarda, yau ni za ki koya wa launin ruwa?"

Ta yi dariya, ba ta ji haushi ba, halin uwarta gare ta. Ta ce, "A'a, ni labari zan ba ka, ka sha furarka. Akwai wani kifi da mushenmu, malaminmu na aji, ya koya mana, angiyi sunansa da Faransanci. Dogo ne sumul, in ka gan shi ka ce gaiwa ce ta rame." Ta ciro talho ta nuna mini hotonsa. Ta ce a koguna yake girma, can ƙasashen Turawa, amma in zai haihu sai ya bar kogi ya shiga teku, ya yi tafiya mai nisan gaske zuwa tsakiyarsa. Can yake zuba ƙwai. 'Ya'yan in sun fito ba su kama da shi ko kaɗan, falle ne kamar ganyen bedi, wato dogon yaro, garau, ana ganin ruwa ta cikinsu.

Na ce, "To wa ke mayar da su gida?"

"Ruwa. Cikin teku akwai ƙoramu, Baba, manya, ba su da gaɓa amma suna gudu. Su ke ɗaukar su, shekara biyu ko fiye suna tafiya, har su kai bakin koguna. A can kuma akwai masu jira da rariya."

Na ajiye ludayi. "Masu iri?"

"Kusan irinka. Kowa da wurin zamansa da ya gada."

Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Shekara talatin ina zaton mu kaɗai ne mahaukatan da ke zama bakin ruwa suna jiran abin da bai kai yatsa ba, ashe muna da 'yan'uwa a bakin teku.

Ta ce, "Amma wasu shekarun sai su yi ta jira, abin da ya zo kaɗan ne. In iskar teku ta sauya, ko ruwan ya ƙara ɗumi, ƙoramar nan takan karkata, ko ta rage gudu. 'Ya'yan suna nan an haife su, amma an bi da su wata hanya, ko sun ƙare kafin su iso. Masu jira kuwa suna nan inda suka saba." Ta ci gaba da wasa da ruwa. Sannan ta ce, ba ta dube ni ba, "Baba, bana ka watsa ƙaiƙayi kuwa?"

Kunya ta kama ni. Ba bana kaɗai ba. Tun bayan rasuwar Baba Kyari ban ƙara jiƙa ƙaiƙayi ba, shekara goma sha wani abu. Kullum yamma yake zuwa, kullum Maƙogwaro, me zan tambaya? Na ɗauka na haddace ruwa.

Na ce, "Je ki gaya wa uwarki ta ba ki na sussukar jiya."

Bayan azahar muka tsaya a gaɓar arewa, inda na fara watsawa ina ɗan koyo. Na jiƙa, na cuɗa da dusa, na watsa. Ya ɗan tsaya kamar mai shawara. Sannan ya yi layi, ya juya wa yamma baya, ya kama gabas.

Gabashin Uwar Ruwa kacala ce, doguwar ciyawar ruwa mai duhu, ba mai shiga sai masu yankan ta da rani. Muka naɗe ƙafafun wando da zane muka bi, muna ƙara watsawa in ya ɓace mana. Can ƙarshe muka ji ƙarar ruwa. Tabkin ya fasa gaɓa a wani wuri mai laushi, ya yi sabuwar ƙorama ja wur, mai gudu, ta gangara cikin gonaki. A nan na gane komai. Shekara biyun fari iska ta tara yashi a bakin tsohuwar ƙorama, ruwan bana ya rufe tudun ba a ganinsa. Abin da nake gadi a Maƙogwaro ruwan da ya tsatso ta cikin yashi ne, tatacce, ko ƙwan sauro ba zai wuce ba.

Tun daga nesa tsuntsaye suka nuna mana inda ƙoramar ta ƙare. Balbela da zalɓe da shamuwa sun yi fari da baƙi a kan wani kwari, suna ta sara. Kwarin kuwa ƙasan gonar Malam Sani ne, wani manomi na Kanya. Ruwa ya kwanta a ciki iya gwiwa, gero ya nutse sai kawunan ganye. Na sa rariya tsakanin kunya biyu na ɗaga. Ta yi baƙi ƙirin da 'ya'yan tarwaɗa, har da na karfasa. Ban taɓa ganin iri mai yawa haka ba. Na yi kabbara da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi.

Malam Sani yana tsaye a kan tudu, hauya a kafaɗa, fuska a murtuke.

"Mai Iri, jaje ka zo yi mini?"

"Barka na zo yi maka, Malam. Gonarka ta haihu."

Bai yi dariya ba. Kashi ɗaya cikin uku na geronsa ya tafi, sauran da ke sama ƙasarsa ta yi laushi. Na yi masa bayani: ƙasan kwarin yashi ne, da ƙoramar ta rage gudu ruwan zai tsotse cikin kwana uku ko huɗu, abin da tsuntsu ya bari rana ta ƙarasa. Ni kaɗai da jaki ɗaya ba zan kwashe ko kashi ɗaya cikin goma ba. Sai an kira gari.

Ya ce, "Gari? Su tattake mini ɗan abin da ya rage? Kai dai ka shiga, kai da 'yarka. Ban yarda da taro ba."

Ban yi musu da shi ba. Na tura Ramatu Kanya.

Washegari, gari na wayewa, muka hango su tafe a layi. Mata sun fi arba'in, kowace da tulu ko masaki ko tukunya a ka, maza a baya da sangen gidajensu. Yaya Barira ce a gaba, ta ci ɗamara da gyale. Malam Sani ya tare hanya ya buɗe baki, ta riga shi.

"Sani, bayan nan da kake gani, shi ya goya ka ranar da uwarka take jinya. Ka yi mini fitsari a zane ban ce komai ba. Yau za ka hana ni wucewa ta gonarka?"

Mata suka fashe da dariya. Malam Sani, mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai yana murmushi ya ce, "Inna, ai sai ki rufa mini asiri." Shi da kansa ya kafa kara ya fitar da hanya ɗaya ta gefen gona, ya ce duk wanda ya taka waje da ita zai biya shi da noma. Kafin hantsi ya tafi gida ya dawo da amalanken shanunsa.

Safiya uku muka yi. Maza biyu biyu suna jan sange tsakanin kunyoyi, su kawo gaɓa. Ramatu ta zauna kan rariya tana tacewa, manya nan, matsakaita nan, ƙanana can, tana yi wa dattawan gari tsawa in sun haɗa, su kuma suna cewa, "To, Madam." Ni ina kan tuluna, ina auna ruwa, ina shimfiɗa bado. Mata suna ɗauka su kama hanya. Na ce musu kada a yi gudu, kada a yi rangaji. Suka ce to, suka tafi suna waƙa, kai a tsaye cak, ƙugu kaɗai ke motsi. Wata ta zame ta zauna daɓas cikin laka amma ko ɗigo bai zuba daga tulunta ba, aka yi mata guɗa. Da rana ta yi zafi mu tsaya, a baza masu korar tsuntsaye, sai kuma gobe.

Tulun farko na bi shi har Kanya. Yaya Barira ta ɗaga za ta juye, na riƙe hannunta. Na nuna mata yadda ake yi. Ta shiga ruwa har ƙugu da zanenta, ta kwantar da tulun, ta karkata bakinsa. Muka zuba ido. Ɗaya ya leƙo, ya koma. Sannan suka fara fita, biyu, biyar, sai ga su kamar hayaƙi, suka bazu cikin jan ruwa suka ɓace. Ta daɗe a tsaye da tulun wofi. Da ta juyo ta ce, "Bana kam ba 'yan yunwa ba ne." A duk shekarun da na yi a sana'ar nan ban taɓa jin daɗi irin na safiyar nan ba.

Rana ta huɗu kwarin ya koma laka. Mun cika Kanya, har na samu na kai Gaffati da wasu garuruwa biyu. Mai garin Kanya ya sa doka, ba ƙugiya ba taru har wata biyar. Da ruwa ya janye, Malam Sani ya shuka dankali a kwarin, ya yi abin da bai taɓa yi ba, amma har yau in mun haɗu sai ya ce yana bina bashin jajen gero. Ni kuma tun daga shekarar, ko ruwa ya yi ko bai yi ba, ko ina da tabbaci ko ba ni da shi, sai na jiƙa ƙaiƙayi. Sau biyu tun lokacin hanyar ta sake sauyawa. Damina ba ta zuwa yadda muka san ta da.

Ranar da aka buɗe tabki, bayan kaka da wata biyu, ina can. Taru na farko da aka ja sai da maza takwas suka kama. Tarwaɗa kamar damtsen hannu, suna ta bugun juna. Kafin a gama rabo Yaya Barira ta kwance buhu, ta kafa murhu a gindin kanya, mai ya fara ƙara. Sauran mata suka jera nasu a gefenta. Hayaƙi ya tashi, mutanen hanya suka fara ratsowa.

Ana cikin haka sai ga mota ta tsaya. Habu ne, ya zo yadda suka yi alkawari, har ya shimfiɗa sabon bargo a kujerar gaba. Ya fito ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗaga kai daga kasko ba.

"Inna, na zo. Ina kayan?"

Ta tsamo guda biyu manya, ta barbaɗa yaji, ta naɗe a takarda ta miƙa masa.

"Ga kayan. Ɗaya naka, ɗaya na matarka. Ka ce ina gaishe ta, Allah ya yi mata albarka. Ɗakin da ta share mini kuwa, ta zuba kaji."

Habu ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya buɗe takardar ya ci nasa a tsaye, yana hura yatsu. Ya gama, sannan ya ci na matarsa.

"Inna, a ƙara biyu."

"Bi layi," in ji ta. "Akwai waɗanda suka riga ka."

Ya bi layin kuwa, a bayan Malam Sani. Da la'asar ya juya mota ya koma Zinder, ƙunshin kifi a kan sabon bargon, a kujerar gaba.